Injin niƙan abincin kaji da ya cinye boris biyar: yadda aka bi sawun ciwon a wani gareji a Kaduna

Garejin da injin

Mutumin da wannan bayani ya shafa tsohon malamin lissafi ne a Kaduna, ya yi ritaya shekaru kaɗan da suka wuce. Bai taɓa zama ƙarƙashin wani maigida ya koyi aikin ƙarfe ba, sha'awa ce kawai ta ja shi, kuma ba ya karɓar ko sisi a kan aikin da ya yi wa mutane. Motarsa ta daɗe da komawa kwana a waje. Abin da ke cikin garejin yanzu shi ne teburin katako mai kauri, injin huda, dutsen wasa na lantarki, ƙaramin injin walda, sai kuma abin da ya fi ji da shi, wato injin sassaƙa ƙarfe ƙirar Myford ML7 da ya saya a gwanjo.

Injin ya kwana biyu. Kamfanin Myford da ke Beeston, kusa da Nottingham a Ingila, ya fara fitar da ML7 a 1946, ya ci gaba da yin sa har ƙarshen shekarun 1970, kuma dama masu ƙaramin wurin aiki a gida ne suka fi sayensa. Yana ɗaukar ƙarfe mai tsawon inci 20, wato milimita 508, tsakanin tsininsa biyu. Gudunsa shida ne, daga juyi 35 zuwa 640 a minti. Ramin da ya ratsa kansa bai wuce milimita 15 ba, sannan duk makin da ke jikin hannayen murɗawarsa na inci ne.

Mai matsalar ɗan ƙanwarsa ne, mai kiwon kajin ƙwai a wata gona da ke bayan gari, don haka a nan ma Kawu za mu riƙa kiran malamin. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, da buhun abincin kaji ya yi ta hawa, saurayin ya yanke shawarar haɗa nasa da masara da waken suya da dusa. A Satumba ya sayi injin niƙa mai hamomi, ƙirar gida. Shaf ɗinsa, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a tsakiyarsa, milimita 430 ne a tsawo, 35 a kauri a tsakiya inda gangar hamomi take, 30 a mazaunan boris biyu, 25 a ƙarshen da fuli ke zama. Boris ɗin lamba 6206 ne: ramin ciki milimita 30, faɗin waje 62, kauri 16. Hamomi 16 ne a kan sanduna huɗu, huɗu-huɗu. Injin fetur mai juyi 3,600 a minti ne ke jan sa da fambel, fulinsa milimita 100, na niƙan 120, ke nan gangar tana yin juyi 3,000 a minti.

Disamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: gurnani da zafi

A tsakiyar Disamba wani guntun ƙarfe ya biyo masara. Hama ɗaya ta karye, ta kusa da ita ta lanƙwashe, rariya ta huje. Wani mai walda na kusa ya yanko hamomi biyu daga tsohon sifirin mota, ya huda su, ya zura a gurbin waɗanda suka lalace, ya liƙe rariyar. Aikin bai ɗauki awa biyu ba, inji ya koma niƙa.

Yaron da ke kula da injin ya lura yana rawa fiye da da, notuna kuma suna yawan kwancewa, sai ya sa tsohuwar taya a ƙarƙashinsa. Da fambel ya fara kuka in an cika masara, ya ja injin fetur baya har sai da fambel ɗin ya yi tsaurin da yatsa ba ya iya lotsa shi.

A mako na biyu na Janairu gurnani ya fara fitowa ta ɓangaren fuli. In injin ya yi minti ashirin yana aiki, ba a iya barin hannu a kan gidan boris. Makaniken da aka kira ya kwance fuli, boris ɗin ya zaro da hannu kawai, ba a nemi abin jawo shi ba. A ƙarƙashinsa akwai wani jan gari mai laushi a jikin shaf. Ya ce tsatsa ce, ya goge da tsumma, ya sa sabon boris. Wannan ya yi mako uku ya mutu. Aka ce jabu ne, aka je wani shago aka sayo mai kusan ninkin kuɗin na farko. Shi kuma kwana 16 ya yi.

Ƙarshen Fabrairu: awon farko da bugun ɗigo

A nan ne aka ɗauko shaf ɗin a bayan babur aka kawo gareji.

"Kawu, boris ɗin zamanin nan ne ba su da kyau," in ji saurayin. "Ko akwai inda kuka san ana samun na asali?"

Kawu ya zura mataccen boris ɗin a mazauninsa, ya ji yana ɗan lilo. Abin awon da yake da shi a lokacin baniya ce mai karanta 0.05 na milimita, ta nuna masa 29.95 a ɓangaren fuli, 30.00 a ɗaya ɓangaren. Ya ga ratar ba wata babba ba ce, ya yi abin da ake yi a kusan kowane garejin gyara: ya ɗauki tsinin ƙarfe da guduma ya bubbuga ɗigo-ɗigo a zagayen mazaunin, layi uku. Kowane ɗigo yana tayar da ɗan tudu a gefensa, don haka sabon boris bai shiga ba sai da aka buga shi. Kowa ya ji daɗin hakan.

Kwana tara ya yi. Da aka dawo da shaf ɗin, tuddan sun goge sun koma sumul, ramukan ɗigon cike da jan garin nan, boris kuma ya fi da lilo.

Kawu ya nemo maikromita ta hannu mai auna milimita 25 zuwa 50, wadda ke karanta 0.01. Ya auna mazaunin a wurare daban-daban, yana juya shaf ɗin. Mafi kauri 29.88, mafi siranta 29.82, kuma tsakiyar ta fi gefuna cinyewa. Baniyar da ya fara amfani da ita tana da faɗin baki, sai ta hau kan gefunan da ba su cinye ba, ramin tsakiya ya ɓuya mata. Ɗaya mazaunin 30.00 ne daidai.

Ya kuma duba jadawalin da masu ƙera boris ke bugawa. Ga shaf mai juyawa na wannan girma, ajin da ake kira k6 yana neman kauri tsakanin 30.002 da 30.015, ramin boris ɗin kuwa tsakanin 29.990 da 30.000 yake fitowa daga masana'anta. Wato dole shaf ya ɗara ramin kauri, kuma duk filin da aka bai wa mai sassaƙa ya yi wasa a ciki 0.013 ne na milimita.

Maris, makon farko zuwa na uku: ciko da walda

Shawarar da kowa ya kawo ita ce a cike wurin da walda a sake sassaƙewa. Kawu ya yi amfani da sandar walda 6013 mai kauri 3.2, ya jera layuka a tsaye, ya fara daga gefe guda ya zagayo, bai tsaya ƙarfen ya huce ba. Da ya huce ya ɗora shi tsakanin tsini biyu, ya kafa agogon awo da ya aro, ya juya da hannu. Allurar ta yi lilon 0.35 a ɓangaren fuli, 0.20 a inda gangar ke zama. Kafin walda babu wanda ya auna, amma tsohon mazaunin da ba a taɓa ba yana nuna shaf ɗin a miƙe yake a da.

Sassaƙar ma ba ta zo da sauƙi ba. A bakin waldar, inda ta haɗu da ainihin ƙarfen, akwai wani siririn layi da ya yi tauri. Wuƙar injin tana zuwa wurin sai ta yi ƙara ta zame, bakinta ya dakushe. Sau da yawa sai ya sauke ta ya wasa. A ƙarshe dai ya samu 30.01, da 'yan ƙananan huji biyu-uku na kumfar walda a jiki. Ya yi ƙoƙarin miƙe shaf ɗin da jak ɗin mota, lilon ya ragu zuwa 0.15, ya tsaya a nan.

Boris na biyar ya zauna daram, zafin kuma ya ragu a kwanakin farko. Rawar injin ce ta ƙaru. A rana ta 12, ana cikin makon farko na azumi, yaron ya ce fuli yana kaɗa kai. Kawu ya sa aka kashe injin nan take aka kawo masa shaf ɗin. Ya wanke wurin, ya shafa kananzir ya bar shi ya ratsa, ya goge tas, sannan ya shafa garin alli. Bayan 'yan mintuna wani siririn layi mai danshi ya bayyana a cikin allin, a gindin kafaɗar da boris ke jingina, ya kai kusan sulusin zagayen shaf ɗin. Tsagewa ce. Ya ce ba za a sake tayar da injin da wannan shaf ba, saurayin ya koma kai masara gari ana niƙa masa da kuɗi.

Ƙarshen Maris zuwa Sallah: sabon shaf

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma nan ne garejin ya nuna iyakarsa.

Kawu ya shiga Panteka ya samo aksil ɗin baya na wata tsohuwar a-kori-kura, kaurinsa milimita 40, dogon da zai ba da shaf biyu. Ƙarfe ne mai kyau, amma an ƙona fatarsa ta yi tauri tun daga masana'anta. Da ya goga magagari sai ya zame bai ci ba. Ya kai wa wani maƙeri a unguwa. Maƙerin ya sa guntayen biyu a gawayi, ya yi ta zuga har suka yi jajir daga kai zuwa gindi, sannan ya binne su cikin toka mai zafi ya ce a dawo gobe. Sanyin da ƙarfe ke yi a hankali cikin toka shi ke sauke masa taurin. Washegari magagari ya ci.

Tunda ƙarfen ba zai ratsa ramin kan injin ba, sai ya kama gefe guda a bakin injin, ya tallafi ɗayan da mariƙi mai yatsu uku, ya huda gurbin tsini, ya juya ya yi wa ɗaya gefen haka. Daga nan duk aikin tsakanin tsini biyu aka yi shi, a juyi 200 a minti, yana cire abin da bai kai milimita ɗaya ba a kowane wucewa, don motar injin rabin doki ce. Ga azumi, ga zafin Maris, ga jiran a kawo wuta. Yakan yi aikin ne da safe, ko bayan tarawihi in an yi sa'a.

Guntun farko ya lalace. Ya gama mazaunin da ke kusa da kan injin a 30.01, ya lura da makin da hannun murɗawa ya tsaya, ya matsa can kusa da madogarar baya, wadda ke riƙe da tsinin baya, ya yanka a kan wannan makin. Da ya auna, 29.95. Ƙarfen da aka cire ba ya komawa.

Maimakon ya kama guntu na biyu, ya yi kwana biyu a kan injin kansa. Ya ɗora lalataccen shaf ɗin, ya bar zobba biyu a jikinsa, tsakaninsu milimita 300, ya wuce da wuƙa a kan duka biyun ba tare da ya taɓa hannun murɗawa ba. Bambancin 0.06 ya sake fitowa. Tsinin baya ya karkato wajen mai aiki, shi ya sa wannan gefen ke fitowa siriri. A jikin madogarar baya ta ML7 akwai notunan matsar da ita gefe. Ya kafa agogon awo ya tura ta baya kaɗan-kaɗan, yana yanka yana aunawa, har bambancin ya sauka ƙasa da 0.01. Shekarun da ya yi da injin, gajerun abubuwa yake sassaƙawa a baki, washa da bushi da fil, don haka wannan karkatar ba ta taɓa nuna kanta ba.

Sai batun maki. Maki ɗaya a hannun tura wuƙa 0.001 ne na inci, wato 0.0254 na milimita, kuma tunda ana cirewa ta kowane gefe, kaurin ƙarfen yana raguwa da 0.05. Maki guda ke nan ya ninka filin 0.013 kusan sau huɗu. Dabarar da ya yi tsohuwa ce a wajen masu wannan aiki, kuma ta yi wa malamin lissafi daɗi: ya karkatar da ƙaramin dandamalin wuƙa na sama zuwa digiri shida, ko ƙasa da haka da kaɗan, daga layin shaf. A wannan kusurwa, in ka tura dandamalin gaba da maki goma, wuƙar ta shiga ƙarfe da maki ɗaya ne kacal. Kowane maki sai ya koma cire 0.005 daga kauri.

Akwai kuma zafi. Ƙarfe yana buɗewa da kimanin kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya. Ga kaurin milimita 30, in sassaƙa ta ɗumama shi da digiri 30 ya ƙaru da 0.011, kusan duk filin da ake da shi. Kawu ya ga haka da idonsa: ya auna 30.06 da ɗumi, ya je sallar azahar ya dawo ya tarar da 30.05. Daga nan ya riƙa barin 0.05, ya tafi harkarsa, sai ƙarfen ya yi sanyi ya zo ya ƙarasa da wuƙar da ya wasa ya goge bakinta a dutsen mai.

Mazaunan biyu suka fito tsakanin 30.00 da 30.01, sun fi kusa da 30.01. A gindin kowace kafaɗa ya bar ɗan lanƙwasa maimakon kusurwa mai kaifi, amma ƙarami, yadda ba zai hana boris jingina ba. Gurbin ki na fuli, wato ɗan ƙarfen da ke kulle fuli da shaf, faɗin milimita 8 zurfin 4, ya kwantar da wuƙa a gefe ya riƙa tura ta da hannu yana kankara, inji a kashe. Na gangar ma haka. Wannan ya cinye yini biyu, babu wata hikima a ciki sai haƙuri.

Ya zaɓi boris masu murfin roba ta gefe biyu saboda ƙurar gari. Irin waɗannan ba a tsoma su a tafasasshen mai, don akwai giris a ciki, kuma ba a so su wuce digiri 80. Ya ɗora kowanne a kan ƙwan lantarki mai zafi har ya gagari riƙewa, ya zura, ya ƙarasa da guntun bututu da ke dafa zoben ciki na boris ɗin kaɗai. Aka haɗa injin kwana uku bayan ƙaramar Sallah.

Ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu: abin da ya rage

Zafin ɓangaren fuli ya ɗauke. Rawar ba ta ɗauke ba. Bayan mako biyu wata sabuwar ƙara ta fito, wannan karon ta ɗaya ɓangaren, wanda bai taɓa ba da matsala ba. Kawu ya hau mota ya je gonar da kansa, karo na farko da ya ga injin a tsaye yana aiki. Duk watannin nan shaf kawai ake kawo masa.

Da aka kwance, zoben ciki yana nan kam a kan shaf, sai da aka sa abin jawowa. Zoben waje ne ya yi sheƙi, ramin gidansa ma ya yi sheƙi, boris ɗin yana shiga yana fita da yatsa biyu. Gidan ɓangaren fuli ma ya fara, amma bai kai wannan ba.

Wannan ya sa shi tsayawa. Jan fambel kullum gefe guda yake fuskanta, wajen injin fetur. Shaf da zoben ciki su ke juyawa a ƙarƙashin wannan nauyi, shi ya sa in zoben ciki bai kama da kyau ba yake rarrafe a kan shaf yana cin sa, kuma jan garin nan ƙarfen da aka goge ne ya yi tsatsa. Amma kafin zoben waje ya yi rarrafe a cikin gidansa, sai in akwai wani nauyin da ke zagayawa tare da shaf, yana tura zoben ta kowace fuska bi da bi. Fambel ba ya yin haka. Gangar da gefe guda ya fi nauyi ce ke yi.

"An taɓa taɓa hamomin nan?" ya tambayi yaron.

"Tun Disamba dai da biyu suka lalace, Baba. Mai walda ya gyara."

Saurayin ya ce shi wallahi ya ma manta da zancen.

Aka zare hamomin duka, aka kawo ƙaramin sikelin da ake auna maganin kaji. Tsofaffin 14 kowace tana tsakanin giram 93 da 98. Biyun da aka yanko daga sifirin, 114 da 117. Kuma duka biyun a kan sanda ɗaya suke. Da aka haɗa jimla, wannan sandar ta fi ta daura da ita da giram 40.

Kawu ya yi lissafin a bayan kwalin magani. Tsakiyar nauyin hama tana milimita 150 daga tsakiyar shaf in injin na gudu. Ƙarfin da nauyi mai zagayawa ke ja da shi yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, don haka a juyi 3,000 a minti giram 40 a wannan nisa yana ja da ƙarfin da ya kai na kilo 60. Ya fi buhun siminti, kuma yana kewaya boris ɗin sau 50 a kowace daƙiƙa.

Gyaran wannan bai ɗauki rabin wahalar shaf ba. Ya goge hamomin sifirin a dutse har suka sauko kusa da 'yan'uwansu, ya raba su a sanduna biyu masu fuskantar juna, ya yi ta sauya wa sauran wuri har kowace sanda da kishiyarta suka zo tsakanin giram 2. Ya auna sandunan kansu da zobban da ke raba hamomin, ya buga wa kowane rukuni lamba don kada a cakuɗa in an kwance.

Gidan boris ɗin da ya fi cinyewa ya ɗaure shi a faifan injin, ya faɗaɗa ramin zuwa 68, ya sassaƙa bushi, wato zoben ƙarfe na ciko, ya danna a ciki, sannan ya sake buɗe ramin a hankali da dabarar digiri shidan nan. Ba shi da maikromitar da ta kai 62, don haka sabon boris ɗin ne ma'auninsa: ya tsaya a inda bakinsa ya fara kamawa amma ba ya wucewa sai da ɗan bugu. Ɗaya gidan ya bar shi da gam ɗin riƙe boris.

Fambel kuma ya koya wa yaron ƙa'idarsa, wato lotsawar kusan milimita 16 a kowace mita ta tazarar da ke tsakanin fuli biyu. A wannan injin tazarar rabin mita ce, ke nan in an danna tsakiya da babban yatsa ya sauka milimita 8. Da ya shimfiɗa miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin biyu ya tarar ba su kan layi ɗaya, ya gyara zaman injin fetur. Kukan fambel ɗin da ya sa aka yi ta jan sa, tsufa ne. An sa sabo ya yi shiru ba tare da an matse shi ba. A bakin mazurarin masara aka ɗaure maganaɗisun tsohuwar sifika guda biyu.

Oktoba 2024: dubawa

Injin ya yi aiki duk damina, sau uku ko huɗu a mako. A Oktoba da aka kwance don juya hamomi, Kawu ya je da maikromitarsa. Mazaunin ɓangaren fuli yana nan yadda ya bar shi, babu jan gari, babu sheƙi. Bayan awa guda na niƙa ana iya barin hannu a kan gidajen biyu. An cire tayar da ke ƙasa, notunan sun daina kwancewa. A jikin maganaɗisun an sha tsintar ƙusoshi da guntayen waya.

Abin da ya faru, a ganina

Babu wata shaida da ta nuna boris ko ɗaya cikin biyar ɗin jabu ne. Jabun boris na nan a kasuwa, ba musu, shi ya sa zargin ke saurin karɓuwa, amma a nan an bar jaki ne ana dukan taiki. Mai tsadan ma ya riga mai arha mutuwa, domin ya tarar da mazaunin ya ƙara cinyewa.

Ciwo biyu ne suka haɗu, kuma na farkon ne ya buɗe wa na biyun ƙofa. Hamomin Disamba suka kawo rawa. Matse fambel ya ɗora nauyi mai yawa a boris ɗin ɓangaren fuli. Ina kyautata zaton mazaunin can ma tun asali bai kai yadda ya kamata ba, tunda ɗan'uwansa da bai lalace ba 30.00 ne cif, a bakin iyaka; da rawa da jan fambel suka haɗu, zoben ciki ya fara motsi, kuma da zarar ya fara kowace rana ratar ƙaruwa take. Da sabon shaf ya toshe wannan hanya, rawar ta ci gaba da cin gidajen, inda dama ta daɗe tana ci a ɓoye.

Bugun ɗigo ba zai taɓa riƙewa a irin wannan wuri ba, domin boris ɗin a kan 'yan tsirarun tudda yake zaune, kuma nauyin farko ke baje su. Yana iya kai mutum gida in abu ne mai juyawa a hankali, kamar amalanke, ba mai juyi 3,000 ba. Ciko da walda kuwa ana yin sa ya yi kyau, amma ba yadda aka yi shi a nan ba. Ƙarfen shaf mai ɗan yawan kabon yana son a ɗumama shi kafin walda, a riƙa yin layi ɗaya nan ɗaya a daura da shi don jan ya daidaita, a bar shi ya huce a hankali. An tsallake duka ukun, sai aka samu lanƙwasa da layi mai tauri daidai gindin kafaɗa, inda shaf ke lanƙwasuwa gaba da baya a kowane juyi. A kan shaf siriri mai wannan gudu, ni da ma ba zan ba da shawarar waldar ba ko da an bi ƙa'ida, tunda injin da zai sassaƙa sabo yana nan.

Sabon shaf ɗin ya zama dole a lokacin da aka yi shi, kuma an yi shi da kyau. Abin da ya sa ya yi kyau shi ne Kawu ya daina yarda da makin injinsa har sai da ya gwada shi. Sai dai da an auna hamomin tun Janairu, ko da Kawu ya je gonar ranar da aka fara kawo masa shaf, mai yiwuwa da bushi ɗaya ko gam ya wadatar. Watanni biyu ya yi yana gyara ɓangaren da aka ciro aka kawo masa, kuma labarin Disamba bai iso gare shi ba sai da ya tambaya.

Gidan boris na ɓangaren fuli har yanzu gam ne ke riƙe da shi, kuma shi ne na gaba a layin bushi in an samu ranar da babu niƙa. Fambel ɗin ma ba shi da murfi, ga yaro yana zuba masara da riga mai faɗin hannu. An yanko farantin ƙarfen da za a lanƙwasa, yana jingine a garejin tun Mayu.